Yadda Kawhi Leonard ya kusa kashe min Kawu

Ni dai asali ba ruwana da ƙwallon kwando, ɗan Arsenal ne ni, wahalar da nake sha a can ta ishe ni ba sai na ƙaro wata daga Amurka ba. Abin da ya ja ni shi ne ranar da wani abokina ya ce min ai shugaban ƙungiyar Toronto Raptors na lokacin, Masai Ujiri, a nan Zariya ya tashi, nan ya fara jefa ƙwallo a kwando. Na ce wace Zariyar, tamu ta Zazzau? Ya ce ita fa. Shikenan daga ranar na zama ɗan Raptors na gani-kashe-ni, har "mu" nake cewa in ana zancensu, ni da ko Legas sau biyu na taɓa zuwa balle Kanada.

A 2018 ɗan garin namu ya yi kasada, ya ba da DeMar DeRozan wanda duk Toronto ke so, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, alhali ya san shekara ɗaya ce ta rage a kwantiragin mutumin. To sunan nan shi ya fara jawo min rigima a gida, don a rubuce Kawhi ne amma a baki "kawai" ake cewa, sak kawai ɗinmu na Hausa. Wasanninsu kuma ƙarfe ɗaya ƙarfe biyun dare suke zuwa mana. Wani dare uwargida ta farka ta gan ni na duƙufa kan waya cikin duhu ta ce, wai me kake kallo haka da tsakar dare? Na ce Kawai. Ta ce kawai me? Na ce Kawai dai. Ta ce au, ni za ka raina wa hankali ko, kawo wayar in ga wannan kawai ɗin. Ta duba ta ga wani ƙaton mutum da kitso a kai yana gumi, ta miƙo min ta ce Allah ya shirye ka, ta juya.

Cikin azumin 2019 ne aka yi wasan ƙarshe da Philadelphia, wanda ya ci ya wuce wanda ya faɗi ya tafi gida, ana 90 da 90 lokaci na ƙarewa Kawai ya cilla ƙwallo daga kwana, ta yi tsalle a bakin kwandon nan har sau huɗu kamar tana shawara da kanta kafin ta faɗa. Ihun da na yi sai da maƙwabcinmu ya tashi iyalinsa sahur ƙarfe biyu da wani abu. Cikin watan Yuni kuma muka doke Golden State muka ɗau kofi, karo na farko a tarihin ƙungiyar, aka ba Kawai gwarzon wasannin ƙarshe. Sati guda ina taka ƙasa da ƙyar.

To daga nan ne aka shiga abin da suke kira firi ejensi, kuma shi ne na kwana biyu ina yi wa majalisarmu ta teburin mai shayi bayani ba su gane ba, don su ƙwallon ƙafa suka sani, a ce an saye wane fam miliyan kaza shikenan. Na ce musu a NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba a sayen ɗan wasa haka, ko dai a yi musaya da kai ba tare da an tambaye ka ba, ko kuma ka jira kwantiraginka ya ƙare ka zama mai 'yancin kanka ka zaɓi inda kake so. Mai shayi yana juya ƙwai ya ce, wato bazawara kenan. Wallahi duk bayanin da na yi bai kai wannan kalmar ba. Don har idda suna da ita, an buɗe zawarci ranar 30 ga Yuni, ƙarfe sha ɗayan dare agogonmu, za a iya daidaitawa da baki amma ba a sa hannu sai 6 ga Yuli. Har waliyyi akwai, wani kawun Kawai ɗin mai suna Dennis, shi ake bi ta hannunsa.

Manema uku ne a layi. Mu, da Lakers masu LeBron James waɗanda suka ƙaro Anthony Davis a watan nan, sai Clippers, kishiyar Lakers da suke gari ɗaya har fili ɗaya suke amfani da shi a lokacin, amma ba su taɓa cin kofi ba, babu mai lissafi da su a majalisarmu. Ni hujjata mai ƙarfi ce, dokar su ta ba tsohuwar ƙungiyarka damar ta fi kowa tayi, mu za mu iya ba shi shekara biyar kusan dala miliyan 190, sauran kuwa shekara huɗu wajen miliyan 142. Na ce wane mahaukaci ne zai bar wannan bambancin? Ga gidajen abinci a Toronto sun yi ta manna takarda cewa in ya zauna ya ci kyauta har ƙarshen rayuwarsa. Abokina ɗan Lakers ya ce kai dai ba ka san sanyin Kanada ba, yaron nan ɗan Kalifoniya ne gida zai koma.

Gardama ta yi zafi muka ajiye dubu biyar-biyar a hannun mai shayi. Ba caca ba ce fa, don Allah kar wani ya zo min da wa'azi, alkawarin ciyarwa ne, wanda ya faɗi a soya wa majalisa Indomie da ƙwai da kuɗinsa. Mai shayi ya ninke kuɗin ya sa a aljihu ya ce, in kuma duk kun faɗi fa? Muka kwashe da dariya muka ce to ka riƙe duka.

Daren farko manya suka watse, Kevin Durant da Kyrie Irving suka nufi Brooklyn, kowa ya kama gabansa, amma gogan naku shiru. Kwana ɗaya, biyu, uku. Mutumin da ma ba ya magana, ba ya harkar soshiyal midiya, in ya yi dariya ma sai ta zama labari. Ni kuwa na koma mai gadin Twitter, data na ƙarewa ina ƙara lodawa, ina aiki ina gyangyaɗi, oga ya tambaye ni ko jariri aka yi mana. Ranar Laraba wani gidan talabijin na Toronto ya tashi jirgi mai saukar ungulu yana bin wata baƙar mota daga filin jirgi wai ana zaton Kawai ne a ciki, ni ma ina zaune a Samaru ina bin motar nan a waya har ina cewa direba ya bi a hankali. Data ta dubu ɗaya ta tafi a kan kallon rufin mota.

Ranar Alhamis na ga wani rubutu da hoton babban ɗan jaridan nan Wojnarowski wai Kawai ya amince ya zauna Toronto. Ban tsaya duba sunan akawun ɗin ba, ashe na bogi ne, harafi ɗaya suka canza. Kafin in gane na riga na hau acaɓa na je Sabon Gari na sa an buga min jar riga mai lamba 2 da sunansa a baya, na saka a status na rubuta "a fara soya ƙwai". Da na gano sai na yi shiru ban goge ba, na ce ai ƙarya fure take amma wannan za ta yi 'ya'ya.

Daren Juma'a ban runtsa ba, ga an ɗauke wuta, caji ya mutu wajen ƙarfe huɗu. Na dawo daga sallar asuba na tarar an kawo wuta na jona wayar na ɗan kishingiɗa. Wajen bakwai na safe sai ga kiran abokina ɗan Lakers, muryarsa kamar wanda aka yi wa sata, ya ce ka gani? Clippers.

Na miƙe zumbur na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ya tafi? Kawai ya tafi? Yaushe? Da safen nan? Wayyo Allah, shikenan mun rasa shi!

Abin da na manta shi ne tagar ɗakina tsakar gida take kallo, kuma Hajiyarmu na zaune nan tana shan koko, kuma yayanta, Kawunmu na ƙauye, sati biyu da suka wuce ya yi fama da hawan jini da ciwon ƙafa har aka kwantar da shi. Hajiya kuma kunnenta ya fara nauyi, abin da ta ji shi ne Kawu ya tafi.

Ni ina ciki ban san wainar da ake toyawa ba, mun shiga lissafin sadakin da Clippers suka biya, don ashe duk kwanakin nan da muke bin mota shi gogan sharaɗi ya gindaya musu, sai sun kawo masa abokin tafiya. Suka je Oklahoma suka ɗauko Paul George, suka ba da Danilo Gallinari da wani yaro Shai Gilgeous-Alexander da damar zaɓen sabbin 'yan wasa a zagayen farko har guda biyar. Mun fi minti ashirin muna jajanta wa juna. Ina ɗan jin hayaniya a waje na ɗauka yara ne.

Na fito ido jawur don rashin barci, sai na ga an shimfiɗa tabarmi a zaure, maƙwabta sun fara taruwa, ana jin kukan mata daga ciki. Maƙwabcin nan da na taɓa tasa sahur ya kama hannuna ya ce sai haƙuri, yanzu muke ji. Ni kuma da kaina bai gama dawowa daidai ba, sai raina ya ce ashe mutanen nan suna bibiya, ashe suna ƙaunata haka. Na ce wallahi Malam abin ya girgiza ni, mutumin nan ya yi mana komai. Ya ce Allah sarki, ya yi jinya ne? Na ce ƙafa ce dai ke damunsa, ana ta lallaɓa shi ana hutar da shi, amma kwanan nan garau yake. Ya ce haka abin yake, sauƙin tafiya ne. Na ce an daɗe ana cewa hankalinsa na gida. Ya girgiza kai ya ce gidan gaskiya kenan, can za mu duka. Nan na ɗan yi turus, don ban taɓa jin an kira Los Anjelis gidan gaskiya ba. Sai ya ce ƙarfe nawa za a yi jana'izar?

Kafin in buɗe baki sai ga ƙanena ya fito da gudu da waya a hannu, Hajiya ta sa shi ya kira lambar Kawu ya tambayi mutanen gidan lokacin sutura, wanda ya ɗauka kuwa Kawu ne da kansa, yana gona yana duba masara. Ya sa a sifika duk zaure na ji, Kawu na cewa jana'izar wa? Wa ya rasu ba a faɗa min ba? Ƙanena ya ce Kawu kai ne.

Ban san yadda zan kwatanta shirun da ya biyo baya ba. Hajiya ta fito da mayafi a karkace ta ce kai, zo nan, wa ka ce ya tafi? Na ce Hajiya Kawai na ce. Ta ce kawai me? Daga bayanta uwargida ta ce Hajiya wani mai kitso ne a waya, na san shi. An riga an kira gwaggonmu ta Kaduna har ta shiga mota, an aiki yaro sayen goro, wata maƙwabciya ta ɗora tukunyar abincin makoki. Da girmana da 'ya'yana Hajiya ta bi ni da muciya har bakin ƙofa.

Bayan azahar Kawu ya iso da kansa, wai ya zo karɓar gaisuwar mutuwarsa. Ya zauna kan tabarmar da aka shimfiɗa dominsa ya ci abincin makokin nan ya ƙoshi, sannan ya kira ni ya ce wannan Kawai ɗin ɗan gidan wa ne? Na durƙusa na yi bayani tun daga Masai har dala miliyan 142, lokacin haka aka ruwaito, daga baya ne aka ji shekara uku ya sa wa hannu a kan miliyan 103. Kawu ya saurara tsaf ya ce to madalla, kai nawa ne naka a ciki? Na ce babu. Ya ce ya san da zamanka? Na ce a'a. Ya ce da na mutu da gaske za ka yi ihun da aka ce ka yi? Na ce Kawu wallahi har ya fi. Ya ce ƙarya kake, tashi ka biya kuɗin motar gwaggonka zuwa da komawa, da nawa. Yana fita ya hango jar rigar nan a kan igiya ya shafa ya ce wannan ba ta riƙe gumi, ya naɗe ya sa a jaka.

Da yamma Najeriya ta doke Kamaru 3 da 2 a gasar kofin Afirka a Masar, gari ya ɗauki murna, ni da abokina ɗan Lakers muka lallaɓa teburin mai shayi muka ce tunda dai babu wanda ya ci a cikinmu kowa ya karɓi kuɗinsa. Ya ce a'a, ai shi tun farko ɗan Kilifas ne. Mutumin da ko sunan bai iya faɗa ba. Ya soya mana Indomie ɗaya ɗaya ba ƙwai, ya ce wannan ta'aziyya ce daga gare shi.

Yaron nan Shai da Clippers suka bayar cikin sadaki shi ne ya zo ya zama gwarzon NBA a 2025 ya ci wa Oklahoma kofi, kuma haifaffen Toronto ne. Na kira Kawu don in ba shi labari ko zai ji daɗi an rama mana, ya ce yana gona, in kuma wani ne ya sake tafiya in bari sai bayan girbi. Ƙanena da ya je ƙauye ya ce rigar na nan, ta koɗe ta zama ruwan hoda, lambar 2 ta ɓare saura rabi, kuma yaran ƙauyen yanzu Kawu Kawai suke ce masa.