Tambayar da take cin ka, ina kake kai ta?

Ƙannena maza da mata, ku da kuke zumuntar matasa da ku da kuka daina zuwa, na san akwai tambayoyin da ba ku yi a gaban fasto, amma su ne suke hana ku barci. Me ya sa a wannan gida aka haife ni? Me ya sa na gama bautar ƙasa, takardata tana kwance a akwati, wanda muka yi aji ɗaya yana kwafar amsata kuwa yana ɗaukar albashi? Ga wadda ta fi ɗaci wurin waɗanda da Hausa suka buɗi baki: ka faɗi sunanka, a ce, "Bitrus? Kuma wai kai Bahaushe ne?" A garinku ana yi maka kallon bare, ka sauka Kudu a kira ka aboki.

Ba zan ce ku daina tambaya ba. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye don tsoron Madayanawa, mala'ika ya ce masa Ubangiji yana tare da shi, shi kuwa ya mayar da tambaya: in haka ne, me ya sa duk wannan ya same mu? Yohanna Mai Baftisma da kansa, daga kurkuku, ya aika a tambayi Yesu ko shi ne mai zuwan ko a jira wani. Babu wanda aka kora a cikinsu. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne wurin da kuke kai tambayar.

Kasuwar amsa ta ci sosai a zamanin nan. Ka buɗe waya, ga wani mai kiran kansa annabi, bai taɓa ganinka ba amma ya san la'anar kakanni ce take bin ka, ko gwaggonka ta ƙauye ce ta ɗaure tauraronka. Sai ka sayi man shafewa a wurinsa, ka aika masa kuɗin da yake kira "shuka". Ƙarshenta yaro ya daina gaida tsohuwar da ta goya shi, aikin kuma bai samu ba. Wani wurin boka yake zuwa da dare, ran Lahadi ya riƙe makirufo a cikin mawaƙa. Wani kuma kwalbar kodin ce take ba shi amsa har zuwa wayewar gari.

Ku buɗe Yohanna sura 9, ku karanta a hankali. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, nan take suka nemi mai laifi: shi ne ya yi zunubi ko iyayensa? Irin lissafin da ake sayar muku ke nan, kuma daga bakin manzanni ya fito, ba daga bakin arna ba. Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba, an yi haka ne domin a bayyana ayyukan Allah a kansa. Ku lura, bai zaunar da mutumin ya warware masa dalilin shekarun da ya yi yana bara ba. Ya tofa yau a ƙasa, ya kwaɓa laka, ya shafa masa a ido, ya ce ya je tafkin Siluwam ya wanke. Makaho, da laka a fuska, ya lalubi hanya har bakin ruwa. Bai sami bayani ba tukuna, amma an ba shi abin yi, ya kuwa yi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi kama da halinmu. Maƙwabta suka tsaya suna gardama a kansa yana tsaye: wasu su ce shi ne mai baran nan, wasu su ce a'a, kama ce kawai. Shi ya ce, "Ni ne." Bai ɓoye cewa shi ne tsohon marokin bakin hanya ba. Aka kira iyayensa, tsoro ya sa suka zame, suka ce ai babba ne, ku tambaye shi. Farisiyawa, malaman addinin Yahudawa, suka matsa masa da tambayoyin da ba shi da amsarsu, ya ce abu ɗaya ya sani, dā makaho ne, yanzu yana gani. Suka zage shi, suka ce cikin zunubi aka haife shi, suka kore shi. Aya ta 35 ta ce da Yesu ya ji an kore shi, sai ya neme shi ya same shi. Wanda danginsa suka janye masa, ko aka hana shi takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma saboda sunansa, ya riƙe ayar nan da kyau.

Ku kuma da ake ce muku ba a taɓa Bahaushe Kirista ba, rashin sanin tarihi ne yake sa ku sunkuyar da kai. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Majami'ar Wusasa kusa da Zariya tana tsaye tun 1929, ginin ƙasa irin namu. Likita na farko daga Arewa, Dokta R. A. B. Dikko, Bafulatani ne Kirista, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya zama ministan harkokin waje. Ba su canza harshe ba, ba su kuma ajiye bangaskiya a ƙofar ofis ba. Don haka in ka ji kunyar yin addu'a da Hausa a gaban abokanka na jami'a, ko ka fara lanƙwasa sunanka don a karɓe ka, kai ne kake tabbatar musu da maganarsu. Kada kuma wannan ya zama dalilin ƙin maƙwabcinka Musulmi. Da yawanmu kaka ɗaya muka haɗa da su, tukunya ɗaya muke ci ranar biki.

Talauci da rashin aiki kuwa, ba kome ba ne ruhaniya. Wani abin lalacewar ƙasa ne, wani kuma, mu faɗa wa juna gaskiya, ragwanci ne da aka lulluɓe da "ina jiran lokacin Allah". Bulus manzo ne, amma a Koranti da ɗinkin tanti yake ci. Mai digiri da ya koyi walda, ko gyaran sola, ko ya kama gonar babansa da damina, bai rage kome daga darajarsa ba.

In kuwa abin ya yi nauyi har ka fara tunanin gara mutuwa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa mutum guda mai riƙon asiri yau, ka bari a raka ka asibiti, domin ciwon damuwa yana da magani kamar hawan jini. Ku shugabannin zumunta da dattawan ikilisiya, in yaro ya kawo muku irin wannan tambaya, kada ku rufe masa baki da "ka ƙara addu'a" ku wuce. Ku ba shi kujera, ku ji shi har ya gama, wanda kuma aka yi wata biyu ba a gani a sujada ba, a tura mutum biyu gidansu cikin makon nan.