A bar wa kowace hanyar tsere halinta

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Disamba makarantun sakandare a Amurka suna cikin kakar gudun ratsa daji, wato tseren nesa a kan ciyawa da tuddai maimakon filin wasa, kuma makonnin tsakiyarta zuwa ƙarshe su ne mafi nauyi a cikinta, domin a cikinsu ne manyan gasannin gayyata suke zuwa a jere, sannan gasar kowace jiha ta biyo baya. Ina wannan rubutu ne saboda iyaye 'yan uwana da yaransu suka shiga wannan wasa, waɗanda nake ganin hankalinsu yana tashi a duk ƙarshen mako idan sun buɗe shafukan intanet irin su MileSplit da Athletic.net, suka tarar an jera sunayen ɗalibai bisa lokacin da kowa ya yi, ɗansu kuma yana can ƙasa. Ra'ayina shi ne wannan jeri yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato ƙasar da aka yi gudun a kanta, kuma ɗokin neman lokaci mai kyau ya fara jan makarantu zuwa filayen da suke shimfiɗe kamar tabarma, suna kauce wa hanyoyin da suke koya wa yaro gudu na gaskiya.

Tun daga tsawon hanyar ma ba ɗaya ba ne. Yawancin jihohi suna yin kilomita 5, amma a Ilinois mil 3 ake yi, haka ma a gasanni da dama na Kalifoniya, kuma mil 3 ya gaza kilomita 5 da kusan mita 170, tazarar da yaro mai ƙoƙari zai ci rabin minti kafin ya rufe ta. A dandalin Van Cortlandt da ke unguwar Bronx a birnin Niyok, inda ake tsere tun 1913, babbar gasar watan Oktoba mil biyu da rabi ce kawai. Wanda ya ji haka zai ɗauka sauƙi ne, sai ya je ya gani. Ana tashi ne a wani makeken fili mai ciyawa, ɗaruruwan yara a layi guda, kowace makaranta da ɗan gurbinta, da zarar an harba bindigar farawa kuma kowa ya san cewa filin nan zai tsuke ya koma siririyar turba, saboda haka wanda bai nemi wuri da wuri ba zai tsinci kansa a bayan cunkoso, yana da ƙarfi amma babu inda zai wuce. Daga nan a haye gada a faɗa cikin tuddan baya, inda aka gitta katako a kan hanya don hana zaizayar ƙasa, dole yaro ya riƙa sauya tsawon takunsa yana hawa yana gangarowa. Kusa da wurin ƙarewa akwai mutum-mutumin kunkuru da zomo, kuma duk wanda ya tsaya a nan ya kalli fuskokin masu isowa zai gane waɗanda suka ƙona ƙarfinsu tun a filin farko.

A can yammacin ƙasar, gasar kwalejin Mt. SAC da ake yi a garin Walnut na Kalifoniya tun 1948 tana tara dubban ɗalibai a ƙarshen Oktoba, a kan hanya mai ƙura da ba ta da inuwa sosai. Mil na farko yana da daɗin gudu, yana yaudarar yaro ya saki jiki, sannan tuddai uku su tare shi ɗaya bayan ɗaya: na farko mai lanƙwashe-lanƙwashe, na biyu gajere mai tsananin tsayuwa, na uku kuma dogon hawa ne da ke zuwa lokacin da ƙafa ta riga ta yi nauyi. A wurin ne maganar Bahaushe take tabbata, cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A jihar New Jersey kuma, dandalin Holmdel yana fara gudun ne da hawa tun daga layin tashi, a tsakiyar hanya kuma akwai wani kwari da ake gangarawa cikinsa sannan a haura ta gefensa mai wuya, kuma a nan ake yanke hukuncin yawancin tseren jihar. A Sunken Meadow da ke Long Island har sun laƙaba wa tudunsu sunan ciwon zuciya. A Colorado Springs, inda ake gasar jihar Kolorado, abin da ke wahalar da yaro ba a ganinsa da ido, domin garin yana sama da mita 1,800 daga matakin teku, ya fi Jos tsawo nesa ba kusa ba, iskar da ake shaƙa kuma ba ta ƙosar da huhu kamar ta bakin teku.

To, ta yaya za a ɗauki minti 17 na wanda ya haura waɗannan tuddai a ajiye shi a layi ɗaya da minti 16 na wanda ya yi gudu da daddare a kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawa ƙarƙashin fitilu, kamar yadda ake yi a gasar Woodbridge ta kudancin Kalifoniya a watan Satumba, a ce na biyun ya fi na farkon? Masu bin wasan da idon basira sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa Bill Meylan na jihar Niyok ya shahara da lissafinsa da ke gyara lokacin kowane ɗalibi bisa wahalar hanyar da yanayin ranar. Amma galibin iyaye, da yaran kansu, ɗanyen lokacin suke kallo, shi suke yaɗawa, shi kuma yake karya musu gwiwa.

Ba ina cewa fili mai laushi ba shi da daraja ba ne. Dandalin Detweiller da ke Peoria, inda jihar Ilinois take gasarta tun 1970, kusan babu wani tudun kirki a cikinsa, amma yana cikin hanyoyin da aka fi girmamawa a ƙasar. A nan Craig Virgin ya yi mil 3 cikin minti 13 da daƙiƙa 50.6 a 1972, kafin daga baya ya lashe gasar duniya ta wannan gudu a 1980 da 1981, kuma tarihin da ya kafa yana ɗan sakandare ya zauna shekara 47 kafin Josh Methner ya karya shi a 2019 da ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Abin da ya ba wa wannan lokaci ma'ana shi ne an yi shi a ƙasa ɗaya, an zagaya itatuwa ɗaya, tsara bayan tsara. Haka lamarin yake a dandalin Woodward da ke Fresno, gidan gasar jihar Kalifoniya tun 1987, inda German Fernandez ya yi kilomita 5 cikin minti 14 da daƙiƙa 24 a 2007. Idan ana so a auna yaro da agogo, to a auna shi da waɗanda suka bi hanyar da ya bi, kuma kafin kowa a auna shi da abin da shi kansa ya yi a wurin a bara.

Akwai kuma abin da jerin lokuta ba ya nunawa ko kaɗan, shi ne cewa wannan wasa na ƙungiya ne. Kowace makaranta tana fito da mutum bakwai, a tara matsayin biyar na farko da suka iso, wadda jimillarta ta fi ƙanƙanta ita ce ta ci, mafi kyawun abin da ake iya samu kuma shi ne maki 15. Na shida da na bakwai ba a ƙirga nasu, amma duk abokin hamayyar da suka riga isowa sun tura shi baya da mataki ɗaya, idan kuma aka yi kunnen doki na shidan ne yake raba gardama. A ce wata makaranta ta samu na 1 da na 2 da na 10 da na 25 da na 60, jimillarta 98 ke nan, wata kuma ba ta da gwani ko ɗaya amma yaranta sun iso a matsayi na 8 da 11 da 14 da 17 da 20, ta tashi da 70, ta tafi da kofi. A hanya mai tuddai da taɓo irin wannan yana yawan faruwa, saboda yaron da ba shi da saurin ƙafa amma yana da juriya da haƙuri yana samun damar wuce mutum goma a hawa guda. Idan aka mayar da kakar gaba ɗaya kan filayen sauri, wannan yaron ne aka zalunta, kuma shi ne mafi yawa a cikin kowace ƙungiya.

Na fahimci matsin da masu horarwa suke ciki. Jami'o'i suna duba lokuta idan suna neman waɗanda za su ɗauka, iyaye suna so su ga lambar da za su nuna, yaro sabon shiga kuma yana bukatar ranar da zai ji cewa wahalarsa ta haifar da wani abu. Saboda haka a sa gasa ɗaya ko biyu masu sauri a cikin jadawali babu laifi. Gudun dare ma yana da hujja mai ƙarfi a jihohin da Satumba take da zafi, domin zafi ba abin wasa ba ne a wannan gudu: a gasar Olamfik ta birnin Faris a 1924 mutum 38 suka tashi, 15 kaɗai suka kai ƙarshe saboda tsananin rana, kuma tun daga lokacin aka cire shi daga wasannin a matsayin gasa mai zaman kanta. Wahalar da nake karewa ita ce ta tudu da gangara da ciyawa mai santsi, wadda horo yake maganinta. Rami da aka bari a ɓoye cikin ciyawa, ko kwana mai kaifi a mita ɗari na farko, ko tashin yara da tsakar rana ba ruwa ba ma'aikatan lafiya, wannan sakaci ne na masu shiryawa, kuma iyaye suna da haƙƙin su yi magana a kai.

Abin da nake roƙon masu horarwa shi ne kada su cire tsohuwar hanya mai wuya daga jadawalinsu don kawai tana ɓata lissafi a intanet. Su kai yaran da wuri su taka hanyar da ƙafa kafin tsere, su nuna musu inda take tsukewa da inda ƙasa take riƙe ruwa, su taimaka musu zaɓen tsawon ƙusoshin takalmi gwargwadon taɓon ranar. Ƙungiyoyin da za su kai ga gasar ƙasa ta Nike a Portland da ke jihar Oregon a farkon Disamba, wadda ake yi a filin wasan golf na Glendoveer tun 2014, sau da yawa ruwan sama da sanyi da laka suke tararwa a can, kuma yaran da ba a taɓa fitar da su daga busasshiyar ciyawa ba a ranar za su fara koyon gudu a cikin taɓo.