Wa zai faɗa wa ɗan aiken kwamfuta cewa kuɗin sun riga sun fita?

Manhajar ƙirƙirarriyar basira da ake aikawa intanet, wato ɗan aiken kwamfuta, ba ta da hannu. Idan aka ce ta sayi tikitin mota daga Yamai zuwa Tawa, wani kayan aiki ne ke buɗe mata shafin, ya cike gurbi, ya latsa maɓalli. Irin waɗannan kayan sun daɗe: Selenium tun 2004, Puppeteer na Google a 2017, Playwright na Microsoft a 2020. Don masu rubuta manhaja aka yi su, mutanen da kan karanta dogon bayani, in sun rikice su tambayi abokin aiki.

Yanzu mai karatun ya canja. Tun da kamfanin Anthropic ya fito da ƙa'idar MCP, wato tsarin da ke haɗa irin wannan manhaja da kayan aiki, a watan Nuwamban 2024, kayan aiki kan gabatar da kansa ga manhajar da abu uku: suna, ɗan bayani, da jerin abubuwan da za a ba shi. Da wannan ƴar takarda take zaɓar wanda za ta ɗauka. Shi ya sa auna ingancin bayanin ya zama aiki mai zaman kansa.

Ina goyon bayan awon, da ma'aunin nake ja. Abin da ya fi sauƙin dubawa shi ne ko jimla ta fita sarai, ko an bayyana kowane gurbi, ko kaya biyu ba su yi kama da juna ba. Duk suna da amfani. Sai dai bayani zai iya cinye wannan jarrabawa ya kuma jawo asara, domin babbar tambayar ita ce: me ya ce a yi idan aiki ya tsaya a tsakiya?

Mu ɗauki biyan kuɗi. A tsarinsu na asali, Puppeteer da Playwright kan jira shafi daƙiƙa 30, in bai buɗe ba su ce an gaza. Duk mai amfani da intanet a Yamai ya san yadda layi ke nauyi da yamma, balle a ɗauke wuta ana cikin aiki. Ɗan aiken ya latsa maɓallin biya, jika 10 sun fita, shafin tabbatarwa ya maƙale, kayan aikin ya dawo masa da saƙon gazawa. Me zai yi? Sake latsawa, mana, tunda ba wanda ya ce masa kada ya yi. Jimla ɗaya ta isa ta hana wannan: saƙon gazawa ba ya nufin aikin bai auku ba, a duba shafin kafin a maimaita. Bayanin da ba shi da irin wannan jimla, a wurina ya faɗi, ko da Turancinsa ya kai na farfesa.

Masu ƙa'idar MCP sun hango matsalar. A 2025 sun ƙara alamomin da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana iya lalata abu, ko maimaita shi ba ya ƙara komai. Amma su da kansu sun ce alamomin ishara ce, kada a dogara da su idan ba a amince da inda kayan ya fito ba. Latsa maɓalli kuwa ba shi da hali guda: yanzu ya buɗe hoto, anjima ya aika kuɗi.

Ga kuma shafukanmu, waɗanda yawancinsu da Faransanci suke. 03/04 a nan uku ga Afrilu ne, a Amurka huɗu ga Maris. Waƙafi a cikin lamba, da Faransanci gutsure yake rabawa, da Ingilishi dubbai. Lambar waya a Nijar alƙalami 8 ce bayan 227. Bayanin da ya ce "rubuta kwanan wata" kawai ya bar ɗan aike da cinke.

Wani zai ce laifin masu gina shafi ne, kuma yana da rabin gaskiya. Kayan MCP na Playwright, wanda Microsoft ya fitar a 2025, ya fi dogara da tsarin rubutun da manhajar makafi ke karantawa, don haka maɓallin da hoto ne zalla ba suna, ɗan aiken ba zai san aikinsa ba. Wannan gyara na hannun masu gina shafukanmu.

Sauran rabin na masu awo ne. Ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni za su iya yin gwajin ba tare da kashe kuɗi ba: su gina shafin biyan kuɗi na ƙarya da Faransanci, su rage masa gudu da gangan, su katse layin bayan an latsa, sannan su ƙirga sau nawa ɗan aiken ya biya sau biyu a ƙarƙashin kowane bayani.