Fadar Hidi ta Sukur ba ta bukatar siminti

A kan tsaunukan Mandara, cikin ƙaramar hukumar Madagali ta jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru, akwai fadar Hidi, sarkin Sukur, wadda hukumar UNESCO ta sanya tare da gonaki da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Shi ne wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi.

Katangar fadar jerin duwatsun tsaunin ne da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya ba tare da siminti ba. Magini yakan juya dutse a hannunsa har ya gano fuskar da za ta zauna daram a kan na ƙasa, sannan ya cusa ƙanana a tsakani su riƙe manyan. Haka aka shimfiɗe hanyoyin hawa da falalen duwatsu, aka kafa manyan duwatsu a bakin ƙofofi, aka kuma gina ramin turke inda ake kiwata bijimi ƙarƙashin jinka.

Tun bayan harin da Boko Haram ta kai a 2014, wanda ya ƙone gidaje da dama, maganar gyara ta zama dole. Abin tsoron shi ne irin gyaran da muka saba gani, wato a ba ɗan kwangila aiki ya zo da buhunan siminti da kwanon rufi. Katangar da ba ta da siminti tana barin ruwan damina ya ratsa ta tsakanin duwatsu ya wuce, kuma idan ƙasa ta ɗan motsa sai duwatsun su sake zama. Da zarar an toshe waɗannan kafofi, ruwa zai taru a bayan katangar, ya yi ta tura ta har ta tsage.

Masu son siminti suna da hujja, domin matasa na barin tsauni zuwa gari, aikin gayya kuma ya ragu. Amma hujjar tasu ita ce ke nuna inda kuɗin ya kamata ya tafi. A ganina, hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da gwamnatin Adamawa su biya tsofaffin maginan Sukur kai tsaye, kowanne da almajiran da zai koyar, su riƙa bin katangar suna gyara ta kowane rani kafin ruwan farko ya sauka.