Katin bashi ga mai karɓar tallafi a Ingila

Na karanta wani labari da ya ce a Ingila mai zaman jiran aiki ma yana iya samun katin bashi, tunda wasu kamfanoni na lissafa tallafin gwamnati a matsayin kuɗin shiga. Haka ne, amma labarin ya tsallake maganar kuɗin ruwa.

Da aikina ya tsaya na koma kan Universal Credit, wato tallafin gwamnati ga marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, sai da na yi sati biyar kafin kuɗin farko ya shigo. Cikin ruɗewa na nemi kati a wurare uku, duk suka ƙi, ashe kowace nema tana barin tabo a tarihin bashin mutum. Daga baya wani kamfani ya ba ni na fam 200, ruwansa sama da kashi 30 cikin ɗari. Firji ya lalace, na zare kuɗin, na ɗau watanni ina biyan mafi ƙaranci, bashin ko gezau. Ga nauyin riba a zuciya.

Wata 'yar'uwa a masallaci ce ta faɗa mini akwai Budgeting Advance, rance marar ruwa har fam 348 ga mutum ɗaya, galibi bayan wata shida kan tallafin. Wallahi da shi na jira.