Wa ke duba aikin likitan da ke duba mu?

Assalamu alaikum. Da 'yan uwana likitocin iyali nake wannan magana, da duk likitan da ke wuni a ɗakin ganin marasa lafiya tun safe har la'asar. Amma ina so sauran jama'a su ma su karanta, domin a jikinsu aikin namu yake ƙarewa.

A asibiti kusan kowane aiki yana da shaidu. Mai tiyata yana aikinsa a gaban mai ba da maganin barci da nas-nas da ƙananan likitoci. Wanda ke zagayen gado da safe yana da ayari a bayansa, in ya rubuta abin da bai dace ba, da wuya a rasa idon da zai gani. Likitan iyali kuwa, daga ranar da ya ci jarrabawarsa ta ƙarshe, an gama kallonsa ke nan. Ya shiga ɗaki, ya turo ƙofa, daga shi sai mara lafiya. A haka zai yi shekara 10, ya yi 20, ba wanda ya taɓa ganin yadda yake tambaya, yadda yake duba jiki, ko yadda yake bayanin magani. Shi mara lafiya bai san abin da ya kamata a tambaye shi ba, balle ya gane an tsallake. In ya ji sauƙi ya yi godiya. In bai ji ba ya nufi kemis ko wani asibitin, likitan kuma ba zai taɓa sanin yadda ta kaya ba. Da haka ɗabi'ar aiki take kankama, mai kyau da marar kyau, mai ita bai sani ba.

Ku duba awon hawan jini kawai. Dattijuwa ta sauko daga a-daidaita-sahu, ta sha rana, ta yi tsayuwar layin kati, tana zama aka ɗaura mata abin awo a kan hannun riga, ana aunawa ana yi mata tambaya tana amsawa. Duk mun san ƙa'ida: ta zauna ta huta kamar minti 5, hannu a tallafe daidai ƙirji, ba magana, abin ɗaurawar ya dace da kaurin damtse, kuma a maimaita. A kan lambar da aka samu a waccan gaggawar za a ƙara mata magani ko a canja shi. Haka zazzaɓi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da maleriya ta hanyar gwaji kafin a ba da magani, amma har gobe gwaji na nuna babu, ana rubuta maganin. "Maleriya da taifot" sun zama 'yan tagwaye a katunanmu, mafi yawa bisa gwajin jini na Widal guda ɗaya, wanda kowa ya san ba ya tabbatar da taifot, musamman a inda mutane suka saba haɗuwa da ƙwayar cutar. Ga allura da ƙarin ruwa da ake yi don kawai mara lafiya ba ya jin an duba shi sai an huda shi. Ga mai ciwon suga da zai shiga azumi yana shan maganin da ke iya faɗar da sugansa da rana tsaka, ya zo asibiti a watan Sha'aban ya tafi, ba wanda ya ɗauko masa zancen.

Ba jahilci ne ya kawo waɗannan ba. Ka tara mu a zauren jarrabawa, duk za mu amsa daidai. Tazarar tana tsakanin abin da ke kanmu da abin da hannunmu ya saba idan layi ya yi tsawo. Shi ya sa nake ganin bita kaɗai ba ta isa ba. Hukumar MDCN, mai ba likitoci lasisin aiki a Najeriya, ta wajabta mana tara makin ƙaro ilimi kafin sabunta lasisi, kuma manufar mai kyau ce. Sai dai yawancin makin a zaure ake samunsa: a saurari lacca, a sa hannu, a karɓi takarda. Mai laccar bai taɓa ganin aikinka ba, don haka ba shi da hanyar da zai ce maka ga inda kake kuskurewa.

Abin da nake kira gare shi mai sauƙi ne. Likitoci biyu, ko 'yan kaɗan da suka yarda da juna, su ɗaura alkawarin duba aikin juna. Ɗaya ya shiga ɗakin ɗan'uwansa, da izinin mara lafiya, ya zauna a gefe ya yi shiru, yana kallo yana rubutu. Bayan an tashi su keɓe. Mai kallo ya fara da tambayar mai aikin yadda shi yake ganin zaman ya kasance, sannan ya ɗauko abu ɗaya ko biyu, kada ya wuce haka. Wata mai zuwa a juya, mai kallo ya zama wanda ake kallo. Wata rana kuma a zaro katunan masu hawan jini guda 20 ba tare da zaɓe ba, a duba tare: nawa ne jininsu ya sauka inda ake so, nawa aka duba musu ƙoda da fitsari, nawa suka daina zuwa ba a bi sawunsu ba. Alarammomi sun riga mu gane wannan. Mutum ya haddace izu sittin, ya rubuta da ka, amma ba ya barin zaman musaffa, don ya san harshe yana zamewa ba tare da kunnen mai shi ya ji ba, kuma wanda ya ja masa baki bai rage masa daraja ba.

An jarraba makamancin wannan a wurare, kuma an auna. A Landan, a shekarun 1950, wani likita mai suna Michael Balint ya riƙa tara likitocin unguwa suna tattauna marasa lafiyar da suka tsaya musu a rai, har yau ana irin wannan zama da sunansa a ƙasashe da yawa. A Holan likitocin iyali sun daɗe suna haɗuwa rukuni-rukuni da masu harhaɗa magunguna na yankinsu, suna baje alƙaluman abin da kowa ya rubuta, kowa ya ga inda ya bambanta da 'yan uwansa. A Ingila, a 2014, babbar jami'ar lafiyar ƙasar ta aika wasiƙa ga ɗakunan shan maganin da suka fi rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, tana sanar da su cewa kashi 80 cikin 100 na takwarorinsu a yankin ba su kai su rubutawa ba. Wannan wasiƙar kaɗai ta rage rubutun da kimanin kashi 3 cikin 100. Kaɗan ne, kuma gaskiyar ke nan: nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken lafiya tana tantancewa, ta yi a 2012 ya nuna cewa nuna wa ma'aikacin lafiya sakamakon aikinsa yana kawo gyara, amma madaidaici. Gyaran ya fi ƙarfi idan daga bakin abokin aiki ko na gaba da kai ya fito, idan an maimaita, kuma idan an tsayar da abin da ake son cimmawa. Wannan kuwa shi ne ainihin siffar abin da nake faɗa.

Na san inda gizo ke saƙar a wajenmu: girma. An horar da mu a tsarin da ƙarami ba ya buɗe baki a gaban "Cif", wato babban likita, gyara kuma daga sama yake saukowa, sau da yawa a gaban mara lafiya da ɗalibai, da tsawa. Wanda ya tashi a haka, da ya ji an ce za a kalli aikinsa, abin da zai faɗo masa shi ne tonon asiri. Ga kuma kunyarmu ta Hausawa, da nauyin baki wajen faɗa wa wanda ya girme ka cewa ya katse matar nan tun ba ta gama faɗin abin da ya kawo ta ba. Don haka dole a gina abin da sharuɗɗa. Sa'o'in juna su fara, waɗanda babu mai sa hannu a takardar ƙarin girman wani. Abin da aka gani a ɗaki ya tsaya tsakaninsu, kada ya isa teburin shugaban asibiti. Ranar da aka mayar da shi hanyar kai ƙara ko canja wa mutum wurin aiki, ranar ya mutu, kowa zai koma yin aikin ganin ido. Abu ɗaya ne ya fita daga wannan rufin asirin, wato in an ga abin da ke jefa ran mara lafiya cikin haɗari, wannan kam akwai hanyarsa, kuma ba a yin shiru a kai. Ina kuma roƙon manyanmu su zama na farkon cewa ƙanensu, zo ka zauna ka gan ni. In babba ya yi haka sau ɗaya a sashe, ya sauƙaƙa wa kowa.

Haƙƙin mara lafiya yana gaba da duk wannan. A tambaye shi kafin baƙon likita ya zauna, a kuma nuna masa cewa ƙin yarda ba zai rage masa komai ba. Mace da ta zo da larurar da ko likita ɗaya da ƙyar ta iya faɗa wa, ba a ƙara mata ido na biyu. A nan zan taɓo zaurukanmu na WhatsApp. Tura hoton ciwo ana neman shawara yana taimakawa, musamman ga wanda yake shi kaɗai a babban asibitin ƙaramar hukuma. Amma tura fuskar mutum da katinsa ɗauke da suna cikin zaure mai ɗaruruwan mutane cin amana ne, ko da niyyar alheri aka yi.

Za a ce ina lokacin yake, ga layi har waje, abokan aiki kuma kullum suna tafiya Saudiyya da Ingila. Ƙorafin gaskiya ne, kuma ba na cewa wannan zai kawo magani a kantin asibiti, ko wuta, ko albashi a kan kari. Amma ƙarancin namu shi ne ma hujjata. In likita ɗaya ne ke ganin dubban mutane a shekara, ɗabi'a guda da ya gyara ta shafi dubbai. Kuma wanda ya taɓa zama shi kaɗai da damuwar mara lafiyar da ya rasa, ba abokin da zai faɗa wa, ya san kaɗaicin nan yana cikin abin da ke korar mutane daga aikin. Ga na karkara ma akwai hanya. Shirin ECHO da wani likita mai suna Sanjeev Arora ya fara a Jami'ar New Mexico ta Amurka a 2003 ya haɗa likitocin ƙauyuka da ƙwararru ta bidiyo suna tattauna masu ciwon hanta nau'in C, aka kuma samu sakamakon jinyarsu ya yi daidai da na asibitin jami'a. Waya da data sun isa a fara irinsa tsakanin Kano da ƙananan hukumominta.

Roƙona ga ƙungiyarmu ta likitocin iyali, SOFPON, da ƙungiyar likitocin Najeriya, NMA, shi ne su nemi a riƙa lissafa irin wannan zama cikin makin sabunta lasisi, bisa shaidar cewa an yi zaman, ba tare da neman abin da aka tattauna ba. Shugabannin asibitoci kuma su ware awa ɗaya ko biyu a wata cikin lokacin aiki, kada a bar shi ga wanda ya riga ya gaji da yamma. Ku kuma jama'a, in likitanku ya ce yau abokin aikinsa zai zauna ya ga yadda yake duba ku, kuna da damar amincewa ko ƙi, kuma kada ku ɗauka don bai iya ba ne.