Ƙannena 'yan makarantar fadoji, ku tsaya mu yi magana

Assalamu alaikum ƙannena, maza da mata.

Makon jiya gwaggona ta aiko a kira ni. An ba ɗanta takardar "ka zo da waliyyinka" karo na biyu cikin zango ɗaya, a makarantar sakandaren Katolika da yake zuwa nan Bur Sudan. Laifin bai wuce makara ba, da latsa waya a aji, da mayar wa malami magana. Na zaunar da shi a zaure na tambaye shi dalili. Ya ce min: "Yaya, ai makarantar Kiristoci ce, dokarsu ba ta hau kanmu ba." Tun ranar maganar take cina, don na san ba a bakinsa kaɗai take ba.

To, bari in tambaye ku. Wace doka ce tasu? Zuwa kan lokaci? Wankin kayan makaranta da yanke farce? Miƙewa idan ustaz ya shigo aji? Duk wanda ya zauna gaban malam a makarantar allo a Maiurno ko Gadarif ya san an fi haka tsanani. Can ko takalmi ba ka shiga da shi, kuma ba ka ɗaga murya sama da ta malam. Abin da fada da sista suke nema a wurinku, kakanninku sun nema tun kafin a haife ku. Kun dai sami sunan da za ku laƙa wa ƙiwuya ne.

Waɗannan makarantu ba jiya suka zo ba. Daniyel Komboni, bishop ɗan Italiya, a Kartum ya rasu a 1881, kuma mabiyansa ne suka buɗe Kwalejin Komboni a Kartum a 1929, daga baya makarantunsu suka bazu zuwa Atbara, Ubayyid, Bur Sudan da sauran garuruwa. Musulmi ne suka fi yawa a azuzuwansu. Ana koyar da ɗan Musulmi darasin addininsa, ɗan Kirista nasa, kowa ya zana nasa a jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare. Iyayenmu ba su jahilci wannan ba. Abu ɗaya suke saye da kuɗinsu: tsari. Malami ya shigo a kan lokaci, a duba littafin yaro, in ya yi fashi a tambayi dalili. Yaron da ya shiga ya ce tsarin bai shafe shi ba, ya zubar da ainihin abin da aka biya.

Ni ma irin wannan makaranta na yi, kuma akwai ranar da ba na mantawa. Na makara tabur, wato taron ɗalibai na safe, kwana uku a jere, aka ce sai na zo da mahaifina. Tela ne. Ya rufe shago ana tsakiyar ɗinkin sallah, ya zo da igiyar awo rataye a wuyansa, guntayen zare a gaban rigarsa. Ya tsaya gaban mudir, wato shugaban makaranta, hannu biyu a baya, yana ba da haƙuri kan laifin da ba shi ya yi ba. A hanyar komawa bai ce min uffan ba. Sai da muka isa shago ya dafa kan keken ɗinkin ya ce: "Daga nan kuɗin makarantarka yake fitowa." Ya zauna ya ci gaba da taka keke. Wallahi da bulala ya yi min da ta fi sauƙi. Duk lokacin da aka miƙa muku wannan takarda, ku tuna wani babba ne zai bar neman abincinsa ya je ya sunkuyar da kai dominku.

Maganar waya ba sai na ja ta ba. An ce a bar ta a gida ko a kashe, ku yi hakan. Amma ɗaukar hoton malami ko na ɗan aji a ɓoye a watsa a WhatsApp don a yi dariya, wannan ya wuce karya doka, cin mutunci ne, kuma ba ya gogewa.

Inda na fi jin tsoro shi ne bakhra, 'yar takardar satar amsa da ake cusawa a safa ko a hannun riga. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, makarantu suka rufe, wasu suka koma matsugunin 'yan gudun hijira. 'Yan ajin da ya kamata su zana shahada a 2023 sai ƙarshen Disamban 2024 suka samu zama. Da yawanku kun dawo aji da giɓi, kun manta lissafi, Turanci ya yi tsatsa. Na sani, kuma ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne a rufe giɓin da sata. Malamin da ya ga ka ci saba'in zai ɗauka ka gane, ya wuce gaba, kai kuma ramin yana nan yana jiranka ranar babbar jarrabawa. Ka je wurinsa bayan fatur, wato hutun karin kumallo, ka ce, "Ustaz, ban gane wannan ba." Ban taɓa ganin malamin da ya kori yaro don ya faɗi haka ba.

Sai zaman aji. Kuna zaune da 'ya'yan Nuba, da 'yan Sudan ta Kudu, da 'yan Iritiriya, da Kibɗawa. Idan suna addu'arsu, ka yi shiru. Kada ka kwaikwayi alamar gicciye don abokai su yi dariya, kada ka yi wa sista ba'a kan lulluɓinta. Ba wanda ya ce ka bi addininsu, kuma in wani ya matsa maka kan naka, ka gaya wa iyayenka a ranar. Amma Alƙur'ani da kansa, a aya ta 108 cikin Suratul An'am, ya hana zagin abin da wasu suke bauta wa. Ka kuma tuna yadda ake kallonmu a ƙasar nan. Bahaushe ɗaya ya yi rashin kunya, ba sunansa za a kira ba, "Hausawan nan" za a ce. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma ƙanenka da zai zo neman gurbi baɗi shi zai ɗauki kayan.

Ban ce malami ba ya kuskure ba. Yana yi, wani lokaci har ya hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. In haka ta same ka, kada ka yi sa-in-sa da shi a gaban aji. Ka haɗiye, ka same shi shi kaɗai, in bai saurara ba ka tafi wurin mudir tare da mahaifinka ko yayanka. Ni da kaina zan raka duk ƙanen da aka zalunta.

Ɗan gwaggon nawa, ni na kai shi makaranta, don mahaifinsa yana tashar jiragen ruwa yana dako, ba zai iya barin aikin yini ba. Ya ba malamin haƙuri a gabana. Wayar tana hannun gwaggo har ƙarshen zango, kuma yanzu da an idar da sallar asuba ba ya komawa barci, guga yake yi wa rigarsa.